Gonakin inabin Faransa na komawa noman bio, amma wa ke kula da masu tsinka?

A ranar 21 ga watan Yulin 2025, kotun birnin Châlons-en-Champagne da ke arewa maso gabashin Faransa ta samu mutane uku da laifin safarar mutane, a wata shari'a da ta shafi 'yan ƙwadago fiye da 50 da aka kai tsinkar inabi a kakar 2023. Galibinsu 'yan Mali ne da Senegal da Moritaniya da Côte d'Ivoire, kuma mafi yawansu ba su da takardun zama. Kotun ta yanke wa shugabar kamfanin da ya ɗauko su hukuncin ɗaurin shekara huɗu, biyu daga ciki a gidan yari, ta ba da umarnin rusa kamfanin, sannan ta ci tarar wata ƙungiyar masu sarrafa inabi da ta yi amfani da ma'aikatan Yuro dubu 75, kimanin sefa miliyan 49.

Giya haramun ce a wurin mafi yawan al'ummar Hausa, kuma ba kasafai labarinta ke shiga hirar jama'a ba. Amma hannuwan da ke tsinkar inabin da ake yin ta da shi, da yawansu na 'yan ci-rani ne daga yammacin Afirka. Hukuncin ya kuma zo ne a lokacin da masana'antar ke tallata kanta ga duniya a matsayin mai kare muhalli, tana gayyatar miliyoyin baƙi su zo su gani da idonsu.

Kasuwar da ke tsukewa

Abin da ya tura manoman inabi neman sabuwar hanya shi ne raguwar masu saye. Alƙaluman hukumar kula da inabi da giya ta duniya, OIV, sun nuna cewa a 2024 an sha kimanin hektolita miliyan 214 a faɗin duniya, adadi mafi ƙanƙanta tun 1961. A Faransa kanta, inda a shekarun 1960 ake lissafin fiye da lita 100 ga kowane mutum a shekara, yanzu abin ya sauka zuwa wajen lita 40.

Kaya sun yi yawa, masu saye sun yi kaɗan. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200 don a mayar da rarar giyar zuwa sinadarin da masana'antu ke amfani da shi. A wannan shekarar aka fara biyan manoman yankin Bordeaux Yuro dubu 6 kan kowace hekta don su tumɓuke itatuwan inabinsu. A 2024 aka faɗaɗa shirin zuwa sauran yankuna da Yuro miliyan 120, ana biyan Yuro dubu 4 a hekta, wato kimanin sefa miliyan 2 da dubu 600. Manomin da ya gaji gona daga kakanni yana karɓar kuɗi ne don ya daina noma ta.

Waɗanda suka zaɓi ci gaba sun rungumi abu biyu: su sayar da kaɗan da tsada ta hanyar samun shaidar noma marar sinadari, sannan su buɗe ƙofar gonar ga masu yawon buɗe ido.

Mene ne bio, mene ne biyodinami?

Gonar inabi na cikin gonakin da aka fi yi wa feshi a Faransa. Ba ta kai kashi 4 cikin 100 na filin noman ƙasar ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na magungunan feshi, galibi don yaƙi da cututtukan fumfuna da suka shigo Turai daga Amurka a ƙarni na 19. Illar hakan ta riga ta bayyana. Tun 2012 Faransa ta amince da cutar makyarkyata ta Parkinson a matsayin cutar da aikin gona da magungunan ƙwari ke jawowa, a 2021 kuma ta ƙara da sankarar mafitsara ta maza. A watan Satumban 2025 wani bincike na hukumomin lafiya na ƙasar mai suna PestiRiv ya tabbatar da cewa mazauna kusa da gonakin inabi sun fi sauran jama'a ɗauke da ɓurɓushin waɗannan magunguna.

Noman bio, bisa dokar Tarayyar Turai, ya haramta takin zamani da maganin ciyawa da magungunan ƙwari na masana'anta. Sai gona ta yi shekara uku a kan wannan tsari kafin a ba ta takardar shaida, kuma masu bincike na zuwa duba ta a kowace shekara. Tun 2012 dokar ta shiga har ɗakin da ake sarrafa inabin, inda ta rage yawan sinadarin farar wuta da ake zubawa don adanawa. A yau kusan kashi ɗaya cikin biyar na gonakin inabin Faransa na kan wannan tsari.

Biyodinami ya wuce nan. Asalinsa laccocin da wani masanin falsafa ɗan Austriya, Rudolf Steiner, ya yi wa manoma a 1924 a Koberwitz, garin da yanzu ke cikin Poland. Mabiyansa na ɗaukar gona a matsayin jiki guda mai rai, wanda ya kamata ya samar wa kansa taki daga dabbobinsa. Suna cusa kashin shanu a cikin ƙaho su binne shi tsawon hunturu, su tono, su dama kaɗan a ruwa su yayyafa wa ƙasa. Suna kuma bin tafiyar wata wajen tsara ranakun aiki. Ƙungiyoyi biyu ne suka fi shahara wajen ba da shaidarsa, Demeter da Biodyvin. Masana kimiyya ba su samu hujjar da ke nuna cewa ƙahon ko kalandar wata na da wani tasiri na kansu ba. Abin da ba a musu a kai shi ne takin gargajiya da barin ciyawa tsakanin layuka da rage sinadari na farfaɗo da ƙasa, abin da manomin da ke kai toka da kashin dabbobi gonarsa kafin damina ya daɗe da sani.

Sai dai bio ma yana da nasa tabon. Babban makaminsa a kan fumfuna shi ne haɗin jan ƙarfe da aka ƙirƙiro a yankin Bordeaux a shekarun 1880, da kuma farar wuta. Jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a cikin ƙasa, shi ya sa tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade shi zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. Da zarar an yi ruwa yakan wanke, sai an sake feshi. A shekara mai yawan ruwa kamar 2024, lokacin da amfanin inabin Faransa ya faɗi da fiye da kashi 20, manoman bio na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 2014 kuma, lokacin da ɗalibai fiye da 20 da malamarsu suka kamu da rashin lafiya a wata makarantar ƙauyen Villeneuve-de-Blaye bayan feshi a gonakin maƙwabta, ɗaya daga cikin gonaki biyun da aka gurfanar ta bio ce.

Baƙi miliyan 12

Hanya ta biyu, wato yawon buɗe ido, ta fi saurin kawo kuɗi. Hukumar Atout France ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 12 ne suka ziyarci yankunan inabin ƙasar a 2023, sama da miliyan 10 na 2016. An daɗe ana gina wannan kasuwa: hanyar inabi ta Alsace tun 1953, shigar Saint-Émilion cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1999, Champagne da Bourgogne a 2015, sai katafaren gidan baje koli na Cité du Vin da aka buɗe a Bordeaux a 2016.

Ga ƙaramin manomi, baƙon da ya zo har gida ya saya ya fi dillali riba, ga kuɗin masauki da na abinci. Kuma noman bio ya dace da abin da baƙon ke son gani: doki na jan garma a maimakon tarakta, tumaki na kiwo tsakanin layuka, amya a gefen gona, kekuna don zagayawa. Amma kalmar "mai ɗorewa" ba ta da ma'ana guda. Tambarin HVE na gwamnati, wanda dubban gonakin inabi ke ɗauke da shi, bai hana amfani da magungunan masana'anta ba, kuma ƙungiyoyin kare masu sayayya da na manoman bio sun sha sukar sa kan cewa yana rikita mai saye.

Abin da takardar shaida ba ta dubawa

A nan ne gizo ke saƙa. Dokar bio ta Tarayyar Turai ta tsara abin da za a zuba wa ƙasa da abin da za a fesa wa ganye, amma ba ta ce komai kan albashin ma'aikaci ko inda zai kwana ba. An bar wannan ga dokar ƙwadago ta kowace ƙasa. Alhali kuwa barin maganin ciyawa da yawan zagayen gona na nufin ƙarin aikin hannu, wato ƙarin buƙatar 'yan ƙwadago.

A Champagne, inda doka ta wajabta a tsinki inabi da hannu, ana buƙatar kimanin mutum dubu 120 cikin 'yan makonni kaɗan na kaka. A da manomi ne ke ɗaukar su, ya ciyar da su, ya ba su masauki. Yanzu da yawa sun miƙa aikin ga kamfanonin kwangila, waɗanda su ma wani lokaci kan miƙa wa wasu. Mai gonar na biyan kuɗi bisa kilo, ba lallai ne ya san sunan wanda ya tsinka ba.

Ta wannan kafar ce abin da ya faru a 2023 ya shigo. An ɗauko ma'aikatan daga Paris da alƙawarin Yuro 80 a rana. Masu binciken ƙwadago sun same su a wani gini da ke ƙauyen Nesle-le-Repons, suna kwana kan katifu a ƙasa, da banɗakuna masu ƙazanta da wayoyin lantarki masu haɗari. A kakar guda, wadda ta zo da tsananin zafi, aƙalla masu tsinka huɗu ne suka rasu a yankin. Sauyin yanayi ya jawo kaka gaba: tun 2003 an sha fara tsinkar Champagne a watan Agusta, abin da a da ba a saba gani ba.

Shari'ar ba ta shafi noman bio kai tsaye ba, domin gonakin bio ba su kai kashi 10 cikin 100 na Champagne ba. Abin da ta fallasa shi ne giɓin da ke cikin tsarin baki ɗaya: kwalba na iya ɗauke da kowane irin tambarin kare muhalli ba tare da wani ya tambayi yadda aka yi da wanda ya tsinki inabin ba.

Martanin hukumomi ya zo da fuska biyu. Kwamitin Champagne, wanda ya haɗa manoma da manyan kamfanoni, ya shiga shari'ar a ɓangaren masu ƙara, ya kuma fito da matakan sa ido kan 'yan kwangila. Daga 1 ga Yulin 2025 wata doka ta wajabta wa masu ɗaukar aiki kare ma'aikata daga zafi, har da samar da ruwan sha mai sanyi da sauya lokutan aiki. To amma a Yulin 2024 gwamnati ta ba da damar dakatar da hutun mako ga masu tsinka da hannu a lokacin kaka, matakin da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi tir da shi.

Afirka ta Kudu, babbar mai noman inabi a nahiyar, ta bi wata hanya. Tun 2002 aka kafa ƙungiyar WIETA da ke binciken yanayin aiki a gonaki, kuma ƙasar na kan gaba wajen giyar da ke ɗauke da tambarin Fairtrade. Duk da haka sai da ma'aikatan gona suka yi yajin aiki a De Doorns a 2012 kafin a ɗaga mafi ƙarancin albashi daga rand 69 zuwa 105 a rana a 2013. Tambari ya taimaka, amma haɗin kan ma'aikata ne ya motsa albashi.

Abin da mai niyyar tafiya ya kamata ya sani

Ga matashin da ake yi wa tayin aikin kaka a Turai, ko dangin da ke haɗa masa kuɗin tafiya, akwai abubuwan da dokar Faransa ta fayyace. Akwai katin zama na ma'aikacin kaka, wanda ke iya kaiwa shekara uku, bisa sharaɗin kada aikin ya wuce wata shida a shekara, kuma mai ɗaukar aikin ne ke neman izinin kafin ma'aikaci ya taso. Wanda aka sa aiki ba takardu bai rasa haƙƙinsa na albashi ba, kuma idan aka sallame shi doka ta tanadar masa diyyar albashin wata uku. Wanda aka yi safararsa, idan ya shigar da ƙara ko ya ba da shaida, yana da damar samun katin zama na shekara guda. Tsoron kora shi ne jarin dillalai, kuma shari'ar Châlons ta kai ga hukunci ne saboda ma'aikatan sun yarda sun yi magana.

Masana'antar inabi ta nuna cewa tana iya sauya hali idan mai saye ya matsa, domin cikin shekara ashirin noman bio ya tashi daga 'yan gonaki kaɗan zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Muddin takardun shaida ba su haɗa da albashi da masauki da sa'o'in aiki ba, muddin kuma mai gona na iya fakewa da ɗan kwangila, baƙin da ke zagaya gonakin za su ci gaba da ganin tumaki da amya, yayin da masu tsinka ke kwana a gine-ginen da ba a kai kowa ziyara.