Cikar sandunan sigina ba ita ce ingancin netwok ba

Matashi zai tara kuɗi wata da watanni ya sayi waya mai 5G, ya ga sanduna sun cika a saman allo, amma kiran WhatsApp ya riƙa yankewa, wasan intanet ya riƙa tsayawa. Sai ya ɗora wa wayar laifi, ya fara lissafin sayen wata. Sau da yawa kuɗin nan a banza yake tafiya, domin sandunan ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa faɗin abin da ke samun bayanai a hanya.

Tsakanin waya da turken sadarwa akwai matakai da ƙungiyar 3GPP ta tsara, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne RLC. Aikinsa kamar na mai lodin kaya a tasha ne: yana sa wa kowane ƙulli lamba, idan ƙullin ya fi gurbin da aka samu girma ya yanka shi gida-gida, a can ɗaya ɓangaren a sake haɗawa.

RLC yana aiki ta hanyoyi uku, amma biyu ne suka fi shafar mai waya. A hanyar AM, mai karɓa yana aiko da rahoton lambobin da suka iso da waɗanda suka ɓace, sai a sake tura ɓatattun. A hanyar UM, abin da ya ɓace ya ɓace, ba a waiwayarsa. Ƙarƙashin RLC kuma akwai matakin MAC mai nasa gyaran na gaggawa, wato HARQ, wanda a yawancin tsarin 4G yake sake turawa bayan milisakan 8.

A nan matsalar take. Idan mutane sun cika wuri, kamar kasuwa ko filin wasa, siginoni suna shiga juna, ƙulle-ƙulle da yawa su lalace. AM zai yi ta maimaitawa har komai ya isa. Shi ya sa hoto yake sauka cikakke ko da ya jima. Murya kuwa ba ta jira. Kalmar da ta iso a makare ba ta da amfani, an riga an wuce wurin.

Saboda haka ne kiran VoLTE yake da tasa hanya ta musamman: yawanci yana bi ta UM, kuma netwok yana ba shi fifiko. Kiran WhatsApp kuwa yana bin layi ɗaya da bidiyon TikTok da sabunta manhajoji. Mai son magana mai muhimmanci a cikin cunkoso, gara ya kunna VoLTE ya yi kira na layi, idan wayarsa da kamfaninsa suna da shi.

Wani zai ce ai 5G ta magance wannan. Ta rage, gaskiya ne. A tsarin da aka kammala a 2018, an sauke wa RLC aikin jera ƙulle-ƙulle bi da bi, an bar shi ga matakin PDCP da ke samansa, don RLC ya miƙa abin da ya iso nan take. Amma hakan bai hana sigina lalacewa ba. MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, kuma mitar 3.5GHz da ake amfani da ita ba ta ratsa bango kamar ƙananan mitoci.

Don haka kafin mutum ya canza waya, ya buɗe manhajar gwajin sauri ya duba jinkiri, wato ping, ba yawan megabit kaɗai ba. Ya gwada a ɗaki da tsakar gida, da safe da kuma bayan isha'i. Idan lambar tana tashi duk lokacin da unguwa ta hau intanet, matsalar ta turke ce, sabuwar waya ba za ta gyara ta ba. Kamfanonin sadarwa ma ya kamata su riƙa bayyana jinkirin netwok ɗinsu unguwa-unguwa, kamar yadda suke tallata sauri.