Wa ke da ikon yanka fuloti a daji da burtali a Karaye da Rogo?

Daga Karaye zuwa Beli a Ƙaramar Hukumar Rogo, garuruwa na ta faɗaɗa, kuma filin da ya fi jan idon masu neman matsuguni shi ne wanda ba gonar kowa ba: gandun daji, makiyaya, burtali da gefen madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992. Gona tana da magada, karɓarta sai da diyya da doguwar shari'a. Daji kuwa ba shi da mai kai ƙara.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a karkara bisa shawarar kwamitin rabon filaye. Sai dai wurin da aka keɓe, kamar makiyayar da ke ƙarƙashin dokar Arewa ta 1965, ba ya zama wurin gini sai gwamnati ta janye keɓewar a hukumance. Dagaci da mai unguwa shaidu ne kawai, hatiminsu a takardar ciniki ba ya mayar da burtali fuloti. A nan masu saye da dama ke rufta.

Misali mafi kusa shi ne dajin Dansoshiya a Ƙiru, inda gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta buɗe gidajen Ruga a 2020. Ana iya cewa an yi su ne domin makiyaya, kuma hujja ce mai ƙarfi. Duk da haka, inda gida da rijiyar burtsatse suka sauka kasuwa na biyo baya, dillalan fili kuma ba sa makara.

Ga kuma sauyin sarauta. An ɗaga Karaye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka dawo da ita a daraja ta biyu a Yulin shekarar, da Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Masu sarauta ne ke riƙe da tarihin iyakoki, don haka irin wannan kai-komo na raunana tsaronsu.

'Yan kasuwar Kano sun ga yadda takarda ke tashi a banza a 2023, lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan Filin Idi da aka gina a zamanin gwamnatin da ta gabace ta. Ma'aikacin da ke shirin zuba kuɗin sallamarsa a fuloti mai araha a gefen daji, ya fara neman taswirar wurin a ma'aikatar filaye.