Mai Alƙalami, A Mayar Masa Da Alƙalami

'Yan'uwa mazauna Kudu, yau zancen wani marubuci na kawo muku, Arinze Ifeakandu. Ibo ne, amma a Kano aka haife shi a 1995. A 2022 ya fito da littafin gajerun labarai, God's Children Are Little Broken Things, a kan maza masu son maza 'yan'uwansu, da irin ɓuya da fargabar da suke ciki a ƙasar nan. A 2023 littafin ya ci kyautar Dylan Thomas a Birtaniya, fam 20,000.

Na sani wannan zance ba ya da daɗin ji, ko a masallaci ko a coci. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ma ta yanka ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Ban ce kowa ya bar aƙidarsa ba. Amma dokar nan ba ta ba kowa iznin ɗaukar gora ya bi mutum a titi ba.

Mu nan Kafanchan, rikicin 1987 ya koya mana cewa in wuta ta tashi ba ta tambayar sunan mai gida. Ku kuwa da ke Legas, Ibadan da Fatakwal, kun san zafin a yanke wa mutum hukunci tun bai buɗe baki ba, don kawai an ga hularsa. Wanda ya ɗanɗani wannan, bai kamata ya ɗanɗana wa wani ba.

Ifeakandu alƙalami ya ɗauka. Wanda bai yarda da shi ba, to ya ɗauki nasa. Hukunci na kotu ne, hisabi kuwa na Allah.