Majigin Yaƙi da Mutanen Hubbare

A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ofishin majigi domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kansa. A ganinsa baƙar fata ba ya gane hoto sai an sauƙaƙa, tafinta na bayani. Abin mamaki! Shehu da ke kwance a Hubbare, da Abdullahi, da Bello, littattafai tuli suka bari. Ashe jikokin almajiransu majigi zai gagara? A 1940 aka shirya hoton zaman gidan Bature don a yi koyi, daga 1943 kuwa 'ya'yanmu suka yi yaƙi a Bama. Muna roƙon malamai, in za su nuna wa yara tsofaffin hotunan nan, su tambaye su: wa ya biya kuɗin, bakin wa aka rufe?