Matan Birtaniya da motsa jiki: Abin da duhun hunturu ke tonawa

A ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, kowace shekara, ana mayar da agogon Birtaniya baya da awa guda. Washegari, ma'aikaciyar da ta tashi daga ofis ƙarfe biyar za ta tarar magariba ta riga ta yi. Kafin tsakiyar Disamba kuwa, a Landan rana kan faɗi tun huɗu ba ta cika ba. Namijin da ya saba sassarfa da yamma abin da zai nema bai wuce fitilar goshi da riga mai ƙyalli ba. Ga mata da yawa, an rufe babin fita ke nan sai watan Maris.

Shi ya sa a 2023 masu fafutukar This Girl Can suka fito da gangamin da suka kira na ɗage dokar hana fita, inda mata ke haɗuwa rukuni-rukuni su yi gudu cikin dare a biranen Ingila. Babu wata gwamnati da ta kafa wannan doka. Tsoro ne ya kafa ta, kuma tsoron yana da tushe. A watan Maris na 2021 wani ɗan sanda mai ci ya sace Sarah Everard tana tafe da ƙafa zuwa gida a kudancin Landan, ya kashe ta. A 2025 har sai da 'yan sandan yankin Surrey suka sa jami'ansu mata suka shiga kayan gudu suna sassarfa a tituna, wasu jami'an na biye daga nesa, domin damƙe masu tsokana da masu bin mata a mota.

Manyan likitocin gwamnatin ƙasar sun tsayar da ma'auni: baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri ko hawa keke, sannan ya yi atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ƙididdigar da hukumar Sport England ke fitarwa duk shekara ta nuna kimanin mata 61 cikin 100 ne ke cika mintocin nan a Ingila, maza kuma kimanin 66. Tazarar ba ta da yawa a ido, amma ta ƙi rufewa shekara da shekaru, duk da kuɗin da aka zuba.

Tazarar tana da tarihi. Ranar 26 ga Disamba, 1920, mutum 53,000 suka cika filin Goodison Park da ke Liverpool domin kallon Dick, Kerr Ladies, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ma'aikatan wata masana'anta a Preston. Shekara guda bayan nan hukumar ƙwallon Ingila ta haramta wa mata filayenta, tana cewa wasan bai dace da su ba. Haramcin ya ɗauki shekara 50. Da yawa daga kakannin 'yan matan yau a cikinsa suka tashi.

Da Sport England ta ƙaddamar da This Girl Can a Janairun 2015, da kuɗin cacar ƙasa, bincikenta ya gano cewa mafi yawan mata suna son ƙara motsa jiki, abin da ke riƙe su shi ne tsoron idon mutane: a ga ƙibarsu, a ga guminsu, a ce ba su iya ba, ko a ce uwa ta bar yara ta tafi gudu. Sai tallar ta nuna mata na gaske, masu teɓa da masu furfura, suna haki, fuska ta yi jawur. Dabarar ta ci, ta rage kunya ƙwarai. Sai dai talla ba ta sa fitila a titi, ba ta kuma ƙara wa yini awa. Ofishin ƙididdiga na ƙasar ya lissafa a 2016 cewa mace kan yi awa 26 a mako tana aikin da ba a biya, girki da raino da share-share, namiji kuma awa 16. Awa goman nan ta ninka minti 150 da likitoci ke nema har sau huɗu.

Wanda ke son ganin abin da ya fi shiga rayuwar talakawan mata, to ya je wurin shaƙatawar unguwa ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Can ake yin parkrun, gudun kilomita biyar da Paul Sinton-Hewitt ya fara a Bushy Park da ke Landan a Oktoban 2004 da mutum 13 kacal. Yau ana yin sa a ɗaruruwan wurare a faɗin ƙasar, kuma ko kwabo ba a biya. Mutum zai yi rajista sau ɗaya ta intanet, ya riƙe lambarsa, ya zo duk Asabar da ya ga dama. 'Yan sa-kai ne ke tsaron kwana da ɗaukar lokaci. Akwai kuma wani ɗan sa-kai da aikinsa kawai shi ne ya tako a bayan kowa, domin kada wani mahalarci ya zama na ƙarshe. Wannan ƙaramar hikima ta fi allunan talla da yawa amfani, domin ita ce amsar tsoron da binciken 2015 ya gano. Ga shi da rana tsaka ake yi, cikin jama'a, kuma an yarda uwa ta turo jaririnta a keken yara. Tun 2018 asibitocin unguwa da dama suka ƙulla alaƙa da shirin, likita kan tura mai hawan jini ko ciwon suga ko damuwa can. A Fabrairun 2024 masu shirin suka cire jerin waɗanda suka kafa tarihin sauri daga shafinsu, suna cewa yana firgita sababbin shiga. Gwanayen gudu sun yi ta ƙorafi, wasu mata ma sun ce an share musu bajintarsu, amma ba a mayar ba.

Mai jin kilomita biyar ta yi mata nisa tana da manhajar hukumar lafiya ta NHS mai suna Couch to 5K, wadda ke ɗaukar mutum daga zaman kujera zuwa gudun rabin awa cikin mako tara, sau uku a mako. Makon farko gudun minti ɗaya ne, sai tafiya, sai a sake.

Sauyin da ya fi fitowa fili a 'yan shekarun nan shi ne ɗaga ƙarfe. A da sashen ƙarafa na gidan motsa jiki fadar maza ce, mata na can gefen injin gudu da ajin rawa. Kamfanoni masu rahusa irin su The Gym Group da PureGym, waɗanda suka buɗe rassansu na farko a 2008 da 2009, sun karya farashi, suka soke yarjejeniyar shekara, suka buɗe dare da rana, abin da ya yi wa ma'aikaciyar jinya mai aikin dare daidai. Likitoci ma sun goyi baya, domin ƙashin mace kan yi rauni bayan ɗaukewar al'ada, kuma ƙungiyar da ke yaƙi da wannan cuta a ƙasar ta ce rabin matan da suka haura 50 za su samu karaya saboda ita. Amma idon mutane bai tafi ba, wuri ya sauya. Yanzu yana cikin waya: masu ɗaukar bidiyo a gidan atisaye, da taurarin Instagram da TikTok da suka maye gurbin tsohon ma'aunin siranta da sabon ma'aunin murɗaɗɗen jiki, wanda shi ma ba kowa ke kai masa ba.

Nasarorin manya sun taimaka, ba shakka. Bayan matan Ingila sun doke Jamus da ci 2 da 1 a Wembley ranar 31 ga Yuli, 2022, gaban 'yan kallo 87,192, 'yan wasan sun rubuta wa Rishi Sunak da Liz Truss, masu neman kujerar firaminista a lokacin, suna neman a bai wa kowace yarinya damar buga ƙwallo a makaranta. A Maris na 2023 gwamnati ta yi alkawarin daidaita damar maza da mata a wasannin makarantu, da awa biyu na motsa jiki a mako. Alkawarin ya zo a kan gaɓa, domin ƙungiyar Women in Sport ta ƙiyasta a 2022 cewa 'yan mata fiye da miliyan ɗaya da suka ɗauki kansu masu son wasanni a firamare sun juya baya da suka balaga.

Inda lissafin ya fi muni shi ne ƙasan tsani. Alƙaluman Sport England sun sha nuna cewa masu ƙaramin ƙarfi, da mata 'yan asalin Asiya da baƙaƙen fata, su ne a baya wajen motsa jiki. Ƙidayar 2021 ta samu Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kuma ga mata da yawa cikinsu tambayar ba ta farashi kaɗai ba ce: shin akwai lokacin mata zalla a wurin ninƙaya, da mace mai tsaron ruwa, da tagogi a rufe? Wasu ba su jira hukuma ba. A 2016 aka kafa Cycle Sisters a Waltham Forest da ke gabashin Landan, inda mata Musulmi ke koya wa juna hawa keke, su fita tare cikin hijabi da dogayen riguna, kuma shirin ya bazu zuwa wasu unguwannin birnin.

Lokutan mata zalla galibi a cibiyoyin ƙananan hukumomi ake samun su, kuma cibiyoyin nan ne ke cikin matsi. Ɗumama tafkin ninƙaya na cin makamashi sosai, farashin iskar gas kuma ya yi tashin gwauron zabo bayan Rasha ta afka wa Yukiren a 2022. Ɗaruruwan wuraren ninƙaya sun rufe tun daga 2010. A dokar Ingila, kula da tsofaffi da yara marasa galihu wajibi ne a kan ƙaramar hukuma, wuraren wasanni kuwa ganin dama ne, don haka su ake fara dubawa idan aka zo yanka kasafi. Birmingham, birni na biyu a girma, inda kusan mutum uku cikin goma Musulmi ne, ta bayyana a Satumban 2023 cewa ba za ta iya daidaita kuɗin shigarta da na fita ba, kuma a shekarar da ta biyo baya majalisar birnin ta amince da zaftare kusan fam miliyan 300 cikin shekara biyu.