Takunkumin Rufe Baki Da Hanci: Hajar Da Aka Saya Don Tsoron Hukuma

Duk wanda ya zauna a unguwar Shagari Low Cost da ke Yola a cikin shekarar 2020, zai iya tuna yadda wata sabuwar haja ta shigo kasuwa dare ɗaya, ta mamaye teburan masu kayan tireda, da kantunan magani, da shagunan teloli, har da hannun yara 'yan talla da ke bin Keke Napep a kan hanyar Yola zuwa Jimeta. Wannan haja kuwa ita ce takunkumin rufe baki da hanci. A yau in ka bi waɗannan wurare, da wuya ka ga mai sanye da shi, sai fa a lokacin hunturu idan ƙura ta turnuƙe, ko kuwa a harabar asibiti. Ciniki ne da ya tashi da ƙarfinsa, ya kuma faɗi warwas, kuma ya kamata masu kula da tattalin arziki su tambayi kansu dalili.

A ganinmu dalilin a fili yake. Yawancin jama'a sun sayi takunkumi ne domin su wuce shingen jami'an tsaro, ko su samu shiga banki, ba domin sun gamsu da amfaninsa ba. An samu mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas, ita kuwa Jihar Adamawa cutar ta ɓulla a cikinta a watan Afrilu na wannan shekara. A jawabinsa na ranar 27 ga Afrilu, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya wajabta sanya takunkumi a bainar jama'a daga ranar 4 ga Mayu, sa'an nan a watan Janairu na 2021 ya sa hannu a kan ƙa'idojin da suka tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai wata 6 ga wanda ya saɓa. Doka ta ce a rufe fuska, to amma ba a tsaya an koya wa mai saye yadda zai bambance na ƙwarai da na banza ba. Da yake kuwa ɗan sanda ba ya duba ingancin yadi, sai kowa ya nemi mafi araha. Ƙyalle mai falle ɗaya wanda ana hango rana ta cikinsa ya wadatar, wasu ma a haɓa suke rataye shi har sai sun hango kaki. Da aka daina kamu, sai aka daina saye, tun ma kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a ranar 5 ga Mayu, 2023 cewa korona ta daina zama annobar gaggawa ta duniya.

Sai dai cututtukan da ke bin numfashi ba su tafi tare da dokar ba. Tarin fuka yana nan, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya. Mura da ƙyanda suna zagayowa kowace shekara. Cutar mashaƙo ta ɓarke daga ƙarshen 2022, ta fi yin ɓarna a Kano da wasu jihohin Arewa. Dattawa kuma ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000, ya hallaka fiye da 11,000. Ko shakka babu, allurar rigakafi ita ce babbar garkuwa daga ƙyanda da mashaƙo da sanƙarau, kuma babu takunkumin da zai maye gurbinta. Amma dukkan waɗannan cututtuka ta hanyar tari da atishawa da numfashin mai ciwo suke yaɗuwa, don haka akwai gurbin da takunkumi yake cikewa, musamman a inda mutane suka cunkushe.

Gidajen Shagari Low Cost misali ne mai kyau. An gina su ne a ƙarƙashin shirin samar da gidaje masu rahusa na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1983, a zamanin tsohuwar Jihar Gongola. Gidan da aka tsara domin ƙaramin ma'aikaci da iyalinsa, yau za ka tarar da shi ɗauke da 'ya'ya da jikoki da baƙi daga ƙauye. Idan mutum ɗaya ya kwanta da tari a irin wannan gida, ba shi da ɗakin da zai keɓe kansa. Haka kuma magidancin da zai tafi aiki ko kasuwar Jimeta, a Keke Napep zai zauna kafaɗa da kafaɗa da mutanen da bai san lafiyarsu ba. Direban keken kuwa, wanda ke ɗaukar mutane tun safe har dare, in ya kwanta mako guda, ba shi da albashin da zai jira a ƙarshen wata. Asarar kwanakin aiki, da kuɗin magani, da kuɗin mota zuwa asibiti, duk daga aljihu ɗaya suke fita.

To wane iri ya kamata a saya? Iri uku ne a kasuwa, kuma ba ɗaya suke ba, ko da mai tebur ya rantse. Mafi ƙarfi shi ne wanda ake kira N95, wanda ma'aunin Amurka ya shardanta masa tace aƙalla kashi 95 daga cikin 100 na ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska. Takwaransa na ƙasar Sin shi ne KN95, na Turai kuma FFP2. Amfaninsa yana ga yadda yake manne wa fuska, saboda haka mai cikakken gemu ba zai samu dukkan kariyarsa ba, domin iska za ta bi ta gefe. Wannan shi ya dace da ma'aikacin asibiti da mai jinyar mai tarin fuka. Akwai wani nau'insa mai ɗan murfi a gaba wanda ke sauƙaƙa fitar numfashi. Matasa suna son sa don ƙawa, amma numfashin mai sanye da shi yana fita ne ba tare da tacewa ba, don haka bai dace da mara lafiya ba.

Na biyu shi ne shuɗin nan na asibiti mai falle uku. Ƙarfinsa yana ga fallen tsakiya, wanda aka yi da zaren wata roba da ake kira folifurofilin, aka kuma sa masa cajin lantarki mai janyo ɓurɓushi kamar yadda maganaɗisu ke jan ƙarfe. Ruwa da sabulu suna kashe wannan caji. Wanda ya wanke shi ya shanya a igiya domin tattali, kamannin takunkumi kawai ya rage masa. Mai saye yana iya yanka guda ɗaya daga cikin fakiti da almakashi ya ƙirga fallayen, domin an sha sayar da masu falle biyu a cikin kwalin da aka rubuta uku. Gefe mai launi shi ke kallon waje, ɗan ƙarfen da ke sama kuma a lanƙwasa shi bisa karan hanci.

Na uku shi ne na yadi, wanda telolinmu suka ɗinka, kuma a nan ne maganar tattalin arziki ta fi nauyi. A watan Yuni na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa takunkumin yadi ya kamata ya zama falle uku: na ciki auduga mai shan danshi, na tsakiya folifurofilin mai tacewa, na waje kuma yadin roba wanda ba ya shan ruwa. Teloli nawa ne a Yola da Jimeta wannan bayani ya kai gare su da Hausa ko Fulatanci? Abin da aka fi gani shi ne guntun atamfa ko shadda da aka kafa wa roba, a dace da launin kaya. Ba laifin tela ba ne, domin abin da mai saye ya nema ke nan, kuma babu wanda ya kawo masa fallen tsakiya a kasuwa. Wani babban bincike da aka gudanar a ƙauyuka 600 na ƙasar Bangaladash, wanda ya ƙunshi mutum sama da 340,000 kuma aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa takunkumin asibiti ya rage kamuwa da korona mai alamu da kimanin kashi 11 daga cikin 100, ragin ya kuma fi haka yawa a tsakanin tsofaffi, alhali na yadi bai nuna tabbataccen tasiri ba. Wannan adadi ba ya da girma, kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa jama'a, maimakon a riƙa nuna musu cewa kowane ƙyalle laya ce.

Akwai kuma lissafin aljihu. Gida mai mutum 10, in kowa zai sa shuɗin takunkumi guda a kullum, ana bukatar 300 a wata. A zafin Yola na watannin Maris da Afrilu, inda ma'auni kan haura 40, gumi yana jiƙa shi kafin azahar, jiƙaƙƙe kuwa sai a canza. Babu ƙaramin ma'aikacin da zai ɗauki wannan nauyi, kuma bai kamata a nemi ya ɗauka ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ajiye fakiti ɗaya mai kyau a gida, kamar yadda ake ajiye maganin zazzaɓi, a sa wa mai tari da mai jinyarsa, da tsoho ko mai ciwon suga in zai shiga cunkoso, da duk wanda zai je layin asibiti. Yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa ba a bukatar a sa musu. Na yadi kuma a wanke shi kullum da sabulu da ruwan zafi, kada kuma a yi aronsa ko da tsakanin wa da ƙane ne.

Daga ɓangaren gwamnati, darasin 2020 bai kamata ya wuce a banza ba. A farkon Maris na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce farashin takunkumin asibiti ya ninka sau 6, ta kuma ƙiyasta cewa duniya na bukatar miliyan 89 a kowane wata domin ma'aikatan lafiya. Kimanin rabin wanda ake yi a duniya kafin annobar daga ƙasar Sin yake fitowa, ga shi kuma kowace ƙasa ta riƙe nata. A wancan lokaci dalar Amurka ba ta kai N400 ba a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura N1,500. Idan wata annoba ta sake zuwa, shigo da wannan haja zai fi na baya tsada nesa ba kusa ba. Abin takaici shi ne ƙasar da ke sarrafa folifurofilin a masana'antar Eleme ta Jihar Ribas, wadda kuma ta taɓa yin tinƙaho da masaƙun Kaduna da Kano, ta tsaya jiran jirgin ruwa domin abin da bai fi tafin hannu ba. Telolin Aba da masana'antar ɗinki ta gwamnatin Kuros Riba a Kalaba sun nuna a 2020 cewa hannun ɗinki ba shi ne matsala ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fallen tacewa da kuma ma'aunin da mai saye zai dogara da shi.

Saboda haka muna ganin aiki ne na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa da hukumar NAFDAC su riƙa bin kantuna suna gwada abin da ke cikin kwalaye, su kuma fitar da tambari mai sauƙin ganewa ga wanda bai iya karatun boko ba. Ita kuwa Gwamnatin Jihar Adamawa, tana iya haɗa kai da ƙungiyoyin teloli na Yola da Jimeta, a koya musu ɗinki mai falle uku, a samar musu da fallen tsakiya a kan sari, asibitocin jiha da makarantun kwana kuma su riƙa saye daga hannunsu kafin shigowar hunturu, lokacin da ƙura da tari suke haɗuwa a kan jama'a.