Tabarau Ba Abin Kunya Ba Ne

Duk wanda ya tsaya da safe a bakin titi a Jos Jarawa zai ga abin da ya kamata a yi magana a kansa. Tun da Gwamnatin Jihar Filato ta hana achaba a cikin Jos da Bukuru a 2012, magidanta da yawa sun koma tuƙin Keke Napep. Sai a ga mutum ya ba hamsin baya, fasinja ya miƙa masa waya da taswirar inda za shi, shi kuwa ya nesanta ta da fuskarsa yana ƙifce-ƙifce, ga keke na gudu, ga 'yan makaranta suna tsallaka titi.

To, wannan ba sammu ba ne. Likitocin ido sun bayyana cewa daga wajen shekara 40 madubin da ke cikin ƙwayar ido yakan fara tauri. Mutum yana hango mota daga nesa sarai, amma rubutun da ke tafin hannunsa ya gagare shi. Kowa Allah ya ja kwanansa sai ya zo wurin.

Abin takaici shi ne, wasu suna ɓoyewa don kada a tasha a ce sun tsufa. Wasu kuma sukan sayi tabarau na karatu a bakin Taminus, su ɗora su hau titi. Wannan ya fi na farko haɗari, domin irin wannan tabarau abin kusa kaɗai yake gyarawa, na nesa kuwa sai ya koma dishi-dishi. Akwai mai hawa biyu, ƙasa don karatu, sama don hanya, amma sai an auna ido ake yanka shi.

Awon kuma yana da wani amfani. A nan ne ake gano hawan jinin ido, wanda yake cin ganin gefe ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Ga mutanen Jos Jarawa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana nan kusa a Lamingo. 'Yan'uwa da ke neman abinci a kan babur ko keke a Ikko, Badun da Fatakwal, inda baƙo ba shi da jagora sai taswirar waya, su nemi sashen ido na babban asibitin da ke kusa da su.

Kafin nan, wanda zai duba waya ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya sa yaro ya ƙara masa girman rubutu, ya kunna masa muryar da ke faɗin kwana. Shugabannin tasha kuma su daina tsayawa ga karɓar kuɗin tikiti, su riƙa gayyato masu awon ido ko da sau ɗaya a shekara.

Jama'a, kuɗin tabarau bai kai kuɗin ɗori ba, balle ran ɗan wani. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.